Yaƙin Afganistan: inda na tsaya bayan na ji kowane ɓangare

Jiya a majalisarmu aka sake tado maganar yaƙin Amurka a Afganistan, har abokaina biyu suka ɗaga wa juna murya. Na kwana abin yana cina a rai, shi ya sa zan faɗi nawa a nan.

Mai goyon bayan yaƙin yana da hujja, kuma haushin Amurka bai isa ya sa mu toshe kunne ba. Ranar 11 ga Satumba 2001, a harin da ƙungiyar al-Ƙa'ida ta kai Amurka, mutum kusan 3,000 aka kashe a safiya ɗaya: ma'aikatan ofis, masu shara, 'yan kwana-kwana, har da Musulmi a cikinsu. Kafin nan, a 1998, al-Ƙa'ida ta tayar da bom a ofisoshin jakadancin Amurka na Nairobi da Dar es Salaam, mutum fiye da 200 suka mutu, akasarinsu 'yan Afirka irinmu da suka fito neman abinci. Shugaban ƙungiyar kuwa, Usama bin Laden, yana zaune a Afganistan, Taliban ta ba shi masauki. Wace gwamnati ce za a yi wa haka ta naɗe hannu?

Ina Kano a lokacin. Na ga hoton Usama a jikin bas da babur, na kuma ga yadda zanga-zangar da aka yi kwanaki kaɗan bayan Amurka ta fara ruwan bama-bamai a Afganistan a Oktoban 2001 ta rikiɗe ta zama rikici, rayuka suka salwanta a garinmu kan faɗan da ba mu muka haɗa shi ba. Har yau abin yana min ciwo. Wanda ya kashe bayin Allah da ba su ji ba ba su gani ba bai cancanci tafi daga gare mu ba.

Amma duk da haka ban yarda da yaƙin ba. Maharan 11 ga Satumba su 19 ne, 15 'yan Saudiyya, babu ɗan Afganistan ko ɗaya. Kwana uku kacal bayan harin majalisar Amurka ta miƙa wa George Bush izinin yaƙi mara iyaka. A duk majalisar mutum ɗaya tak, wata mace mai suna Barbara Lee, ta ƙi amincewa, ta ce a dakata a yi tunani, aka yi mata caa har da barazanar kisa. Da aka fara luguden wuta ranar 7 ga Oktoba, Taliban ta ce za ta iya miƙa Usama ga wata ƙasa idan aka kawo hujja aka tsayar da bom. Bush ya yi fatali da tayin. Wataƙila jan lokaci suke yi, amma ai ba a gwada su ba.

Shi Usaman a ina aka same shi? A Abbottabad ta Pakistan, ƙasar da ke ƙawance da Amurka, a Mayun 2011. Aikin leƙen asiri da 'yan tsirarun sojoji ne suka gama da shi cikin dare ɗaya. To mene ne amfanin shekara goman da aka ƙara bayan nan? A yaƙin gaba ɗaya an kashe fiye da dala tiriliyan 2, sojan Amurka sama da 2,400 sun mutu, fararen hular Afganistan fiye da 46,000. A Kunduz, a 2015, jirgin Amurka ya buɗe wa asibiti wuta, mutum 42 suka rasu. Ƙarshenta Taliban ɗin da aka kora aka zauna da ita a Doha a 2020, ta koma Kabul ranar 15 ga Agusta 2021.

Akwai maganar da abokina ya faɗa wadda ta tsaya min a maƙogwaro. A shekarun nan ashirin miliyoyin 'yan mata sun shiga makaranta, yau kuma an rufe musu ƙofar sakandare da jami'a. Ina da 'ya'ya mata, ba zan yi kamar ban ji ba. Sai dai ba don su aka tafi yaƙin ba, kuma da aka tashi tafiya ba a shawarce su ba.

Ranar 29 ga Agusta 2021, ana gobe sojan ƙarshe zai fita, jirgi mara matuƙi ya harbi wata mota a Kabul bisa zaton ɗan ƙunar baƙin wake ne. Ashe ma'aikacin agaji ne da jarkokin ruwa a motarsa. Mutum goma suka mutu, bakwai yara ne. Amurka ta amsa cewa kuskure ne, amma ba a hukunta kowa ba.