Tabarau a Ƙeya

(Teburin mai shayi, bayan isha'i. An jingina waya da gwangwanin madara, fim ɗin Dabangg yana tafiya.)

Ɗan Boko: Mai Shayi, fim ɗin nan tun 2010 ya fito, ba ka gajiya ne? Ga ƙwaina can yana ƙonewa.

Mai Shayi: Yi haƙuri Malam, bari Salman Khan ya gama da yaran bos tukuna.

Ɗan Boko: Dubi don Allah! Naushi ɗaya, ƙato ya tashi sama ya fasa bango. A kimiyyance wannan ba zai taɓa yiwuwa ba.

Mai Shayi: Kimiyyar taka ta taɓa biya maka kuɗin shayi? Sunanka ne a shafin farko na littafin bashi.

Jauro: Aradu ɗan sandan nan ya sha magani. Amma me ya sa ya rataya tabarau a ƙeya? Ido ne da shi a can?

Mai Shayi: Chulbul Pandey ke nan, Jauro. Gaba yana gani, baya yana gani.

Jauro: Nawa ake sayar da irinsa? Shanuna ta baya ake sace su.

Ɗan Boko: Wannan fa da kuke yabo, ya kama 'yan fashin banki, ya lakaɗa musu duka, ya riƙe kuɗin. Shi ne jarumin naku?

Mai Shayi: Ai yana ɗan yafa wa na ƙasa da shi. Kuma idan ya ci, sai ya kama bel ɗinsa ya taka rawa, kowa ya ji daɗi.

Jauro: To ai gara shi. Wanda ya tare ni a hanyar kasuwa ya karɓe nawa, ko kafaɗa bai girgiza mini ba.

(Alhaji ya iso da carbi a hannu.)

Alhaji: Subhanallahi! Manya da ku, kun zauna kallon raye-rayen Indiya?

Mai Shayi: Sannu da zuwa, Baba Alhaji. Yanzu za mu kashe, jira muke a kama wannan bos ɗin.

Alhaji: Wane bos? Wannan ai Makkhi ne, ƙanin Chulbul, uwa ɗaya uba kowa da nasa. Arbaaz Khan ke nan, a zahiri ma ƙanin Salman ne. Bos ɗin shi ne dogon can, Sonu Sood.

(Shiru.)

Alhaji: Yara ne ke kunnawa a gida. Ina wucewa nake ji.

Ɗan Boko: Baba, to kai da ka ga jiya ka ga yau, gaya musu wannan shirme ne.

Alhaji: Matsa in zauna, ƙafata ke ciwo. Yaro, lokacin da muke layi a sinimar Plaza ba a haife ka ba. Sholay na 1975, inda Dharmendra ya hau tankin ruwa ya ce zai faɗo in ba a ba shi Basanti ba, kana jin akwai wanda ya ɗauka da gaske ne? Mun san ƙarya ce, su ma sun san mun sani. Amma kuɗin tikiti ɗaya ka yi dariya, ka yi kukan mutuwar uwa, ka je biki, a daki azzalumi a gabanka har ya roƙi gafara. A ina kuma za ka ga an mari mai kuɗi, aka tashi lafiya?

Ɗan Boko: Finafinan Turawa sun fi ma'ana.

Mai Shayi: Wanda ka kawo rannan? Mutum ya zauna yana kallon taga, har shayina ya huce bai ce uffan ba.

Jauro: Wayyo! Ku duba, rigarsa ta yage da kanta!

Alhaji: Yanzu ya ji cewa bos ne ya kashe mahaifiyarsa. Fushi ne ya kumbura masa damtse.

Jauro: A'a Alhaji, tela ne ya cuce shi. Ya rage yadi.

Ɗan Boko: Ku yi shiru mana! Ba shi! Ƙara masa! Kai, ta hagu, ta hagu!

(Wayar ta ɗauke.)

Ɗan Boko: Innalillahi! Mai Shayi, caji! Wa ke da caja?

Jauro: Malam, zauna, ka taka mini ƙafa.

Alhaji: Ba wani abu ya rage ba, da hayaƙin tarakta zai gama da shi.

Ɗan Boko: Haba Baba, ai sai ka bari mu gani da idonmu!

Alhaji: (yana laluben aljihu) Ungo tawa. Har na biyu da na uku suna ciki, na 2012 da na 2019. Yaran nan ne suka tura mini, na rasa yadda ake gogewa.