Zuuu a Kwamfutar Bazabarme

Kasuwar Katako, Yamai, bayan azahar. Bagobiri mai gyaran kayan lantarki yana rumfarsa, yaronsa na hura garwashin shayi. Sai ga Bazabarme ya sauko daga kabu-kabu rungume da kwamfutar tebur, waya na jan ƙasa.

Bazabarme: Yarona, taso ka karɓi kayan ubangidanka.

Bagobiri: Sannu sarkin kopto. Me ya sami tsohuwar kuma?

Bazabarme: Lafiyarta lau. Sauti za ka wanke mini. Duk na kunna kiɗa sai in ji zuuu a ƙarƙashi. Na duba intanet, an ce laifin akwatin wuta ne. Ka buɗe shi ka cire kondansan da ke ciki, ƴan gwangwanayen nan masu tara caji, ka sa mini na Japan.

Bagobiri: Na Japan! Da wane kunnen za ka bambance?

Bazabarme: Da wanda na ji zuuu da shi.

Bagobiri: To zauna ka ji karatu. Akwatin nan kuran 220 yake sha, ya mai da shi volt 12, da 5, da 3.3. Datsa wutar yake yana saki, sau dubbai a daƙiƙa guda, kuma ƙazantar wannan datsawa takan lallaɓa ta shiga katin sauti. Nan masu intanet ɗinka ba su yi ƙarya ba. Amma ita siririya ce, tsiii take yi, har ka ji ta canza murya in ka motsa linzamin kwamfuta. Kai kuwa zuuu ka ce.

Bazabarme: Duk ba ƙara ba ce?

Bagobiri: Tari da atishawa ma duk ƙara ne, maganinsu ɗaya? Zuuu mai kauri ta kuran gari ce, mai kaɗawa sau 50 a daƙiƙa. Galibi kwamfuta na wannan soket, amfilifaya na wancan, wayar ƙasa ba ta zo ɗaya ba, sai wayar sauti ta ɗauko rigimar ta kai sifika.

Bazabarme: Surutu! Miƙo sukudireba in buɗe da kaina, ai na zare ta daga soket.

(Bagobiri ya make masa hannu.)

Bagobiri: Babban kondansan da ke ciki yakan riƙe fiye da volt 300 ko bayan an zare waya. Taɓa shi ka sami zanen Gobir kyauta, ba wanzami.

Bazabarme: A'uzubillahi. Gara zuuu.

(Bagobiri ya buɗe a hankali, ya sauke cajin, ya busa. Ƙurar hunturu ta turnuƙe rumfar, har cikin kofin shayi.)

Bagobiri: Duba kawunansu. Wanda zafi ya dafa yakan kumbura, wani har ya yi tsatsar ruwa. Naka duk shafaffu ne, ba mai ciki ko ɗaya. Fanka ce kawai ta shaƙe.

Bazabarme: To mene ne magani?

Bagobiri: Ka haɗa kwamfuta da amfilifaya a ralonji guda. In ba ta bari ba, akwai ƙaramar taransifoma da ake sawa a wayar sauti ta raba su. In tsiii ce, ka sayi katin sauti na waje mai USB. Amma fara da ralonjin, kyauta ne.

Bazabarme: Kyauta? Ban yarda da maganin da ba a biya ba.

Yaro: Maigida, a tura kiɗan cikin wayata mu ji mana. Ita batir take ci, ba ruwanta da soket.

(Aka tura, aka kunna. Ganga ta tashi, zabiya ta ɗauka, ƙarƙashinsu kuma zuuu, daram.)

Bagobiri: Ina ka samo kiɗan nan?

Bazabarme: Bikin ƙanwata a Harobanda. Ni na ɗauka da wayata, da hannuna.

Bagobiri: A ina ka tsaya?

Bazabarme: Bayan rumfa.

Bagobiri: Me ke bayan rumfa?

Bazabarme: Janareta.

Bagobiri: Duk faɗin filin biki, me ya kai ka gindin janareta?

Bazabarme: Nan ake raba dambu.

Yaro: Maigida, in an saurara da kyau har ƙarar cokali ana ji.

Bazabarme: Kai, rufe mini baki! Yanzu na Japan ɗin ba zai cire janaretan ba?

Bagobiri: Ko Japan ɗin ka kai ta. Sai dai a sake bikin.

Bazabarme: Auren ma ya mutu tun kafin azumi.

Bagobiri: To Allah ya kawo wani, ka ci dambunka kafin ka fara ɗauka. Kawo jika ɗaya.

Bazabarme: Na me? Ko soda ba ka ɗiga ba!

Bagobiri: Dala ɗari na busa ƙura, dala ɗari na shayin da ƙurarka ta ɓata.

Bazabarme: Rubuta bashi. Kuma yaronka ya goge kiɗan ƙanwata daga wayarsa.

Yaro: Ai na riga na tura wa ƴan fadarmu.