Wa kake kira idan jirginku ya yi kuskure?

Akwai wata tsohuwa Ba'amurkiya da muke maƙwabtaka da ita a wajen birnin Washington, malamar makaranta ce da ta yi ritaya. Mama nake ce mata, ita ma ta saba har tana amsawa. A jikin firij ɗinta ta liƙa wata 'yar takarda mai lambobin waya uku, na sanatocin jiharta biyu da na ɗan majalisar wakilan mazaɓarta. Duk safiyar da wani abu ya ɓata mata rai a labarai, kafin shayinta ya huce ta buga. Ba sanatan ke ɗauka ba, wani matashi ne a ofis, ya tambayi lambar unguwarta, ya rubuta cewa wata ta kira tana adawa da kaza. Shekara da shekaru haka take yi, ba ta gajiya.

Ita ce ta ja ni Majalisar Dattawa ranar Laraba 20 ga Nuwamban 2024, da katin shiga biyu da ta karɓo a ofishin sanatanta. Kafin ka hau saman benen da 'yan kallo ke zama sai an karɓe maka waya, an bi da kai ta na'urar bincike, an gaya maka ba tafi, ba surutu, ba leƙe ta kan ƙarfen gaba. Zauren bai kai girman da nake tsammani ba. Tebura ɗari ne na tsohon katako, ƙanana, kai ka ce na 'yan firamare, an jera su kamar rabin ƙwarya a kan shuɗiyar darduma. Wasu yara 'yan sakandare cikin shuɗin kaya suna zaune a matattakalar gaba, su ne 'yan aiken sanatoci, su kawo ruwa su kai takarda. Galibin kujerun babu kowa. Bernie Sanders, sanatan jihar Vermont, mai shekara 83 a lokacin, yana tsaye da farin gashinsa a hargitse yana ta zuba jawabi a gaban kujerun da ba mutane, yana neman a hana sayar wa Isra'ila harsasan tankar yaƙi da na turmi da na'urorin da ke saita bom, saboda abin da ake yi da su a Gaza.

Da lokacin ƙuri'a ya yi, akawu ta fara kiran suna ɗaya bayan ɗaya bisa jerin haruffa. Sai ga su suna shigowa ta ƙofofi daban-daban, ana hira ana dafa kafaɗa, kowa ya matso gaba ya ɗaga ɗan yatsa sama ko ya juya shi ƙasa, ya fice. Magana ce ta rayukan dubban mutane, amma ka rantse sayen goro suka fito. Ƙuri'ar farko ta tashi 18 da 79. Sanders ya sha ƙasa, sauran biyun ma haka.

A jirgin ƙasa muna komawa, na ɗauka zan ga ranta a ɓace. Ina! Ta fito da biro ta rubuta a bayan katin shigarta cewa sanatanta ɗaya ya bi, ɗaya ya ƙi, ta ce gobe da safe wanda ya ƙi zai ji daga gare ta. Sai ta juyo ta ce, "Ku a ƙasarku, idan sojoji suka sayi jirgi suka jefa wa mutane bom bisa kuskure, wa kake kira?"

Raina ya sosu. Nan take na hau kare gida, ni da nake zagin gwamnati kullum a waya. Na ce muna da sanatoci 109 da 'yan majalisar wakilai 360, muna da kwamitin tsaro, da na sojan ƙasa, da na sama, da na ruwa. Duk gaskiya na faɗa. Ta gyaɗa kai ta ce, "To, lambar nasa tana wajenka?" Na juya ina kallon taga.

Tun daga ranar na shiga bin diddigin yadda abin nasu yake tafiya, kuma ba zan ɓoye ba, da niyyar samo abin da zan rama na fara.

Dokar da suke aiki da ita ta 1976 ce, ta kula da fitar da makamai, an yi ta bayan yaƙin Biyetnam lokacin da majalisa ta gaji da shugabannin da ke ƙulla ciniki a bayan idonta. Idan manyan kayan yaƙi suka kai dala miliyan 14, ko sauran kayan soja da hidimominsu suka kai miliyan 50, dole gwamnati ta sanar da majalisa kwana 30 kafin a ƙulla. Ƙasashen NATO da Japan da Ostireliya da Koriya ta Kudu da New Zealand da Isra'ila kuwa kwana 15 ne, kuma sai kuɗin ya fi haka yawa. Kafin ma wannan sanarwa akwai wata al'ada da ba ta cikin doka: Ma'aikatar Harkokin Waje takan fara kai maganar a asirce ga mutum huɗu, wato shugaba da jagoran 'yan adawa na kwamitin harkokin waje a kowace majalisa. Ɗaya daga cikinsu ya ce a dakata, cinikin zai iya kwanciya wata da watanni.

Abin ramuwar kuwa na same shi, har ya yi mini yawa. Majalisar nan ba ta taɓa hana cinikin makami ta hanyar ƙuduri ba, ko sau ɗaya. Tun hukuncin Kotun Ƙoli na 1983, duk ƙudurin hanawa sai ya je teburin shugaban ƙasa, shi kuma ya hau kujerar na-ƙi, sai an tara kashi biyu bisa uku a majalisun biyu kafin a danne shi. A watan Mayun 2019 sakataren harkokin wajen Trump, Mike Pompeo, ya ce ana cikin halin gaggawa saboda Iran, ya tsallake majalisa da cinikin kimanin dala biliyan 8 ga Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Jodan, ana tsakiyar yaƙin Yaman. Majalisa ta zartar da ƙudurori uku, Trump ya yi fatali da su a watan Yuli. A Disamban 2023 sakataren harkokin wajen Biden, Antony Blinken, ya bi ta ƙofar gaggawar nan sau biyu a wata ɗaya, na farko harsasan tanka kusan 14,000 ga Isra'ila. Jam'iyya ta canza, ƙofar bayan tana nan a buɗe.

Wannan sa ido sai ya zo kan ɗan bora yake tsiro haƙora, ɗan mowa kuwa ko hararar kirki ba ya sha. Mu ne 'ya'yan bora. A 2014, Boko Haram tana kwashe ƙananan hukumomi kamar ana tsintar gyaɗa, Amurka ta hana a sayar wa Najeriya jirage masu saukar ungulu samfurin Cobra daga Isra'ila. Buhari da kansa ya zo Washington a Yulin 2015 ya ce dokar Leahy, wadda ta hana taimaka wa rundunar da aka samu da take haƙƙin ɗan'adam, ta zama taimako ga 'yan ta'adda. A 2021 sanatoci biyu a kwamitin harkokin waje, Bob Menendez da Jim Risch, suka riƙe cinikin wasu jirage masu saukar ungulu 12, ba a sake shi ba sai Afrilun 2022 a kan dala miliyan 997. Menendez ɗin nan mai yi mana wa'azi, daga baya kotu ta same shi da cin hanci, har da sandunan zinare a gidansa. Na kai wa Mama wannan labari da zafinsa, ina jin kamar na ci wasa.

Yayana da ke gida ya ƙara mini ƙarfin gwiwa. Na ba shi labari a waya, bai bari na kai ƙarshe ba ya ce, "Kai dai kana can kana kallon majalisar wasu. Mu nan hanya ba ta biyuwa bayan La'asar. Duk wanda ya jinkirta jirgi wata ɗaya, ya zo ya ƙirga gawar da aka yi a watan." Na ce, "Haka ne, Yaya." Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma wanda yake kwana da takalmi a ƙafa ba ka zo masa da zancen kwamiti ba.

Sai dai fa ramuwar ba ta kwantar mini da hankali ba, saboda a cikin tone-tonen na ci karo da abin da ban nema ba.

Ranar 17 ga Janairun 2017 jirgin sojan samanmu ya jefa bom a sansanin 'yan gudun hijira a Rann, can Kala-Balge, sama da mutum 100 suka mutu, har da ma'aikatan agaji. Mutanen da suka gudo wa Boko Haram ne, suka zo inuwar gwamnati. A watan Yunin shekarar, sanatoci biyu suka rubuta takarda suna neman a dakatar da cinikin sayar wa Najeriya jiragen yaƙi samfurin Super Tucano sai an yi bayanin Rann da kuma kisan Zariya na Disamban 2015, inda gwamnatin Kaduna da bakinta ta ce an binne gawa 347 a rami ɗaya. Sanatocin nan su ne Cory Booker na New Jersey da Rand Paul na Kentucky, ɗaya Dimokurat ɗaya Rifablikan. Ba danginsu a Rann, ba ƙuri'ar da za su samu a Zariya. Ku kira shi munafunci, ku kira shi raini, ni ma na kira. Amma takardar tana nan, da kwanan wata da sa hannu, da sunan garuruwanmu a ciki.

To mu fa, yaya muka biya kuɗin jiragen? An ciri dala miliyan 496 daga asusun rarar man fetur aka tura Amurka, sannan a Afrilun 2018 wasiƙar shugaban ƙasa ta iso majalisa tana neman amincewa da abin da an riga an kashe. Sashe na 80 na kundin tsarin mulki ya ce ba a taɓa kuɗin gwamnati sai da izinin majalisa. Aka yi hayaniya, wani sanata har ya ambaci tsigewa, aka miƙa wa kwamiti, ƙura ta lafa. Ihu bayan hari. Jiragen suka fara isowa a Yulin 2021. Kuma ku lura, duk hayaniyar a kan waye ya ba da izinin kuɗi ne, wato a kan martabar majalisa. Tambayar wa za a jefa wa bom da jiragen, wa zai tabbatar cewa 'yan bindiga ne ba 'yan biki ba, wa zai amsa idan an kuskure, wannan daga New Jersey ta fito.

Sauran kun san su fiye da ni. Dala miliyan 9.3 tsaba a cikin jirgi da aka kama a Afirka ta Kudu a 2014, aka ce na sayen makamai ne. Dala biliyan 2.1 na badaƙalar ofishin mai ba da shawara kan tsaro, wadda ba ta fito fili ba sai da gwamnati ta sauya. Tudun Biri, 3 ga Disamban 2023, jirgi mara matuƙi ya faɗa wa masu Maulidi, hukumar agajin gaggawa ta ce aƙalla mutum 85. Sanatocinmu suka je ta'aziyya suka ba da albashinsu na wata guda, naira miliyan 109. Allah ya saka da alheri, ba na raina kyauta. Amma sadaka aikin attajiri ne, kowane mai hali zai iya. Abin da sanata kaɗai ke iyawa shi ne ya zaunar da hafsan soja a bainar jama'a ya tambaye shi wa ya ba da umarni, sannan ya ce kuɗin jirgi na gaba ba zai fita ba sai ya ji amsa. Da an ce tsaro sai kowa ya rufe baki, a rufe ƙofa, a kori 'yan jarida, a kaɗa ƙuri'ar murya. Masu e sun yi rinjaye, guduma ta sauka, ba wanda zai taɓa sanin wa ya ce me.

Abin da ya tsaya mini a rai ke nan daga zauren can, sunan da ake kira ɗaya bayan ɗaya. Sha takwas ɗin sun faɗi, amma an san su, an kuma san saba'in da taran. Da Sanders ya sake kawo irin ƙudurin a ƙarshen Yulin 2025, masu goyon baya sun kai 27. Bai hana makami ko ɗaya tafiya ba, na sani, kuma uwar da ta rasa ɗa a Gaza ba abin da lissafin nan zai yi mata. Duk da haka tara sun ƙaru, kuma ina da yaƙinin tsofaffi irin Mama da 'yar takardarsu a jikin firij suna da hannu a ciki. A Agustan 2025 an sake amincewa da sayar wa Najeriya bama-bamai da rokoki na dala miliyan 346. Ni a sanarwar Amurka na gani, da adadin kowane kaya a jere.

Na yi ta tunanin me ya sa tambayar tsohuwar nan ta yi mini ciwo haka. Harajina a nan ake cirewa kafin albashi ya shigo hannuna, da shi ake ƙera wani abu daga cikin abin da aka kaɗa wa ƙuri'a a daren nan, kuma ban da ikon zaɓe a nan. Can gida kuwa dokarmu ba ta yarda ɗan ƙasa ya yi zaɓe daga waje ba. Katin zaɓena yana cikin wata ambulan tare da tsohon fasfo da takardar haihuwar yara, hoton jikinsa na wani saurayi ne mai cikakkiyar suma. Zaɓe biyu ke nan ya wuce ni.

Makon jiya na ce wa Yaya ya nemo mini lambar ofishin sanatanmu. Ya yi dariya har da tari, ya ce zai tambayi wani abokinsa da ya san direban. Mama ta ba ni ɗaya daga cikin maganaɗisun firij ɗinta, mai siffar lemo, ta ce in ajiye kafin lambar ta zo.