Tsutsa Ma Tana Da Garkuwar Jiki

Da yawa na ɗauka cewa halittar da ba ta da fararen ƙwayoyin jini ba ta iya kare kanta daga cuta. Ba haka ba ne. Tsutsar nan C. elegans, mai tsawon milimita 1, ba ta da jini kwata-kwata, amma tana da ƙwayoyin gado kusan 20,000. Idan ta haɗiyi bakteriyar Pseudomonas aeruginosa mai haddasa cuta, wani furotin na jikinta mai suna PMK-1 yakan tayar da wasu ƙwayoyin gado a bangon hanjinta, su hau sarrafa sinadaran kariya. In aka kashe PMK-1, tsutsar kan mutu da wuri. Har ƙauracewa wannan bakteriya takan koya. Irin wannan furotin, p38, yana aiki a jikinmu ma.