Har wanda ya gyara jirgin sai ya ba da na goro?

Ranar Asabar na kai mahaifina tsohon garejin gyaran jiragen ƙasa da aka ce an mayar gidan tarihi. Ɗan reluwe ne, fita, wato makanikin jirgi, ƙuruciyarsa a ƙarƙashin kan jirgi ta ƙare. Ya daɗe yana roƙon a kai shi.

Muka tarar da mai gadi kan benci yana latsa waya. Baba ya yi sallama, shiru. Ya sake.

"Lafiya?" in ji shi, ko ɗago kai bai yi ba.

"Ɗana, jiragen muka zo gani."

"Ina takardarku daga ofis? Mai makullin ma ba ya nan."

Baba ya laluba aljihu, ya zaro tsohon katin aikinsa, hannu na rawa. "Ni ma irin wannan aikin na yi."

Bai karɓa ba. Ya taɓe baki. "Kai tsoho, wannan ai zancen da ne. In da na goro, ku leƙa ta taga."

Kai tsoho! Sa'an kakansa fa! Wallahi da Baba bai riƙe mini hannu ba, da an ji mu. Tagar ma ba gilashi, muka leƙa ba tare da mun ba shi ko sisi ba. Kawunan jirgi masu cin kwal sun yi tsatsa, rufi ya yaye, ramin da ake shiga a duba ƙasan jirgi ya cika da shara.

A ina yaron nan ya koyi raini? A wajen gwamnati. Layin dogo ya iso Kano a 1911, shi ya kwashi gyaɗar dala da auduga da fatu zuwa Legas. Ya kai Ƙauran Namoda a 1929, Nguru a 1930, Maiduguri a 1964. Yau yawancin tashoshin nan kango ne, ɓarayi na kwance ƙarfen layin suna kai wa 'yan gwangwan. An ciyo bashin Sin an buɗe layin Abuja zuwa Kaduna a 2016, aka yi ta biki, tsohon layin kuwa an bar wa ciyawa. Dattawan da suka riƙe shi da guminsu kullum suna layin tantancewa, a rana, saboda fanshon da bai isa kuɗin magani ba. Mu ma da namu: wa ya taɓa jin wani ɗan majalisarmu ya miƙe a zaure kan garejin nan, ko mu muka tare shi muka tambaya?