Mai Ɓarna Daban, Mai Shan Hukunci Daban: Mace a Almarar Tsoffin Girkawa

Can wajen ƙarshen Iliyad, doguwar waƙar yaƙin Turoyi da ake jinginawa ga Homa, jarumi Akilis ya shirya wasanni a makokin amininsa, kuma da aka zo kan kokawa sai ya fito da kyaututtuka biyu. Wanda ya yi kaye zai ɗauki wata babbar tukunya mai ƙafa uku ta ɗorawa a wuta, wadda aka yi wa kuɗi shanu 12. Wanda aka kayar kuwa za a ba shi mace gwanar aikin hannu, wadda aka yi wa kuɗi shanu 4. Mawaƙin bai tsaya ya yi mamaki ba, bai kuma ambaci sunan matar ba, ya wuce abinsa zuwa bayanin yadda 'yan kokawar suka sarƙe. Wannan wucewar da ya yi ita ce ta fi tsaya mini a rai, domin tana nuna cewa masu sauraronsa ba su ga wani abin tambaya a cikin lissafin ba.

Labaran allolin Girkawa almara ce, kuma ba don gaskatawa ake karanta su ba. Ana karanta su ne saboda al'umma takan ɓoye tunaninta a cikin labaran da take maimaita wa 'ya'yanta. Abin da na lura da shi a tsawon karatuna kuwa shi ne wani tsari da yake ta dawowa: namiji, ko mutum ne ko abin bauta, shi yake aikata ɓarnar, amma idan aka zo biyan bashi sai a nemo mace a ɗora mata. Ra'ayina shi ne wannan bai zo da tsautsayi ba, kuma bai tsaya a bakin mawaƙa ba, domin dokokin birnin Atina sun tafi a kan wannan turbar.

Asalin maganar yana wurin Hesiyod, mawaƙin da ya rayu wajen shekara ta 700 kafin miladiyya. A labarinsa, Furometiyus ne ya sato wuta ya ba 'yan Adam, wato rigima ce tsakanin maza biyu, shi da Ziyus shugaban allolinsu. Da Ziyus ya tashi ramuwa sai ya sa aka kwaɓa ƙasa da ruwa aka ƙera budurwa, aka koya mata saƙa, aka zuba mata kyau, sannan Hamis, manzon allolin, ya sanya mata halin kare da ɗabi'ar ɓarawo. Ita ce Fandora, mace ta farko a wurinsu, kuma Hesiyod ya kira ta kyakkyawar masifa. Aka kai ta kyauta ga Efimetiyus, wanda ɗan'uwansa Furometiyus ya riga ya gargaɗe shi da kada ya karɓi komai daga hannun Ziyus, amma ya karɓa. Ta buɗe murfin tulu, wahalhalu suka watsu a doron ƙasa da teku, cututtuka suka riƙa zuwa wa mutane dare da rana a shiru saboda Ziyus ya ɗauke musu murya, fata kaɗai ya rage a ciki. Tulu ne babba irin na ajiyar hatsi da mai. Akwatin da ake ta faɗa a yau kuskuren fassara ne da ya samo asali daga Erasmus a ƙarni na 16.

Mai karatu ya ƙirga hannayen da suka shiga wannan lamari. Wani ya yi sata, wani ya ƙulla ramuwa, wani ya ƙera, wani ya cusa mugun hali da gangan, wani ya yi kunnen uwar shegu da gargaɗi. Duk da haka sunan da duniya ta riƙe kusan shekara 2,700 shi ne na wadda aka ƙera don ta yi abin da ta yi. Hesiyod bai tsaya nan ba, ya ce daga gare ta jinsin mata ya fito, ya kwatanta su da ƙudan zuman da ba sa aiki, masu zama a cikin amya suna cinye wahalar wasu. Sai kuma ya koka cewa wanda ya guje wa aure zai tsufa babu mai kula da shi, dangi na nesa su rabe dukiyarsa. A nan ne nake ganin ainihin ciwon ya bayyana: manomi ne da ya san ba zai iya rayuwa ba tare da mace ba, yana kuma jin haushin wannan bukatar, sai ya mayar da haushin labarin halittar duniya.

Bayansa kaɗan wani mawaƙi mai suna Semonidis ya kasa mata gida 10, ya ce akwai wadda aka yi daga alade, da ta dila, da ta jaki, da ta biri, da ta teku mai sauya fuska. Game da wadda aka yi daga karya ya ce ba ta daina haushi ko da mijin ya fasa mata haƙora da dutse. Guda ɗaya tak ya yaba, wadda aka yi daga ƙudan zuma, kuma cikin abin da ya yaba mata har da ƙin zama hira da sauran mata.

Labaran da suka fi shahara ba sa bukatar dogon bayani. Kasandira ta ƙi amincewa da soyayyar Afolo, ɗaya daga allolinsu, sai ya bar mata baiwar sanin abin da zai faru amma ya sa babu mai gaskata ta. Ziyus ne yake bin matan mutane, amma fushin matarsa Hera a kan matan yake sauka, kamar Iyo da aka mayar saniya, ƙuda mai cizo yana korar ta ƙasa zuwa ƙasa. Mu da muke cewa kishi kumallon mata mun san yadda ake mayar da irin wannan labari abin dariya a kan uwargida, a manta da maigidan da ya jawo shi. Medusa kuwa, a ruwayar da ta fi yaɗuwa, abin bautar teku ne ya keta mata haddi a ɗakin bautar Atena, abar bautarsu ta hikima da yaƙi, sai Atena ta mayar da gashin Medusa macizai. Adalci ne a faɗa cewa wannan ruwayar ta Obid ce, mawaƙin Rum da ya zo ƙarnoni bayan Hesiyod; a wurin Hesiyod kuwa Medusa dodanniya ce tun haihuwa.

Inda na fi daɗewa ina juyayi shi ne Odisi, ɗaya waƙar da ake jinginawa ga Homa, labarin dawowar Odisiyus gida daga yaƙin Turoyi. A farkon waƙar, Fenelofi matar Odisiyus ta sauko daga ɗakinta ta roƙi mawaƙi ya sauya waƙa, sai ɗanta Telemakus, wanda bai daɗe da zama saurayi ba, ya ce mata ta koma sama ga masaƙarta da mazarinta, magana ta maza ce. Ta koma. Wannan ita ce matar da ta riƙe gidan shekara 20, ta yaudari manema 108 da saƙar da take warwarewa da dare, alhali mijinta ya yi shekara 7 a tsibirin Kalifso da shekara guda a gidan Sasi ba tare da waƙar ta kira shi maci amana ba.

Da Odisiyus ya dawo ya karkashe maneman, sai ya tambayi tsohuwar mai renonsa waɗanne ne cikin kuyangi 50 na gidan suka ci mutuncinsa, ta ce 12 ne. Aka kirawo su suna kuka, aka sa su kwashe gawawwakin, suka wanke tebura da kujeru da soso da ruwa, suka fitar da ƙasar da ta jiƙe da jini. Da suka gama, Telemakus ya ce ba zai ba su mutuwa mai tsabta da takobi ba. Ya ɗaure igiyar jirgin ruwa a jikin ginshiƙi, ya rataye su a jere, kuma mawaƙin ya kwatanta su da tsuntsayen da suka zo kwana suka faɗa tarko, ya ce ƙafafunsu sun ɗan yi motsi, amma ba da daɗewa ba. A wannan rana ɗin mawaƙin gidan ya rungumi gwiwar Odisiyus ya ce tilasta masa aka yi ya riƙa yi wa maneman waƙa, aka kuwa bar shi da ransa. Babu wanda ya tambayi bayi mata 12 ko suna da ikon cewa a'a ga 'ya'yan sarakuna fiye da ɗari da suka mamaye gidan.

Wanda yake ganin duk wannan hira ce kawai ya dubi wasan kwaikwayon da Eskilus ya gabatar a Atina a shekara ta 458 kafin miladiyya. Agamemnon, jagoran rundunar Girkawa zuwa Turoyi, ya yanka 'yarsa Ifijeniya don iska ta taso jiragensa su tafi yaƙi. Bayan shekara 10 ya dawo da ƙwarƙwara, matarsa Kilitemnestira ta kashe shi, ɗansu Orestis kuma ya kashe ta. Da aka zauna shari'a, Afolo ya kare Orestis da hujjar cewa uwa ba mahaifiya ba ce, mai renon irin da namiji ya shuka ce kawai, ya nuna Atena a matsayin shaida tunda daga kan Ziyus ta fito. Ƙuri'u suka zo kunnen doki, Atena ta tsaya bayan Orestis, tana cewa babu uwar da ta haife ta, kuma ita ta uba ce gaba ɗaya. Aka sallame shi. Jinin yarinyar da aka yanka tun farko bai samu mai tsaya masa ba a wannan zama, kuma wannan shi ne labarin da Eskilus ya ba mutanen Atina game da kafuwar kotunsu ta shari'ar kisa. Kimanin ƙarni guda bayan haka Aristotil ya rubuta kusan wannan magana da harshen ilimi, ya ce namiji ne yake ba ɗan tayi siffa, mace kayan gini kawai take bayarwa, har ya kira ta namijin da halittarsa ba ta cika ba.

A dokar Atina ta wancan zamani mace tana ƙarƙashin waliyyi namiji tun daga haihuwa har mutuwa, ba ta ƙuri'a, kuma ba ta da ikon ƙulla cinikin da ya wuce kuɗin awo guda na sha'ir, kimanin lita 52. Idan mutum ya mutu ya bar 'ya mace kaɗai, dukiyar tana tafiya ne tare da ita zuwa ga namiji mafi kusa cikin dangin uba, wanda yake da haƙƙin aurenta. Masu magana a kotu sukan kauce wa ambaton sunan matar kirki, sai dai su ce 'yar wane ko matar wane. Ba duk Girka ce haka ba, domin matan Isfata sun mallaki filaye, kuma Aristotil ya lissafa hakan cikin aibobin ƙasar.

Na san abin da za a ce mini, cewa mutanen da suka bauta wa Atena da Atemis da Dimita, suka kuma riƙa zuwa Delfi neman shawara daga bakin mace, ba za a ce sun raina mata ba. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, musamman a labarin Dimita, wadda Ziyus ya ba da 'yarta ga sarkin matattu ba da saninta ba, ita kuwa ta hana ƙasa tsiro har sai da ya sauko ya nemi sulhu. Amma Atena da aka fi ɗaukakawa a birnin da yake ɗauke da sunanta mun ji abin da ta faɗa da bakinta, kuma girmama gunki a kan tudu bai ƙara wa matar da take niƙa a ƙasan tudun ko awo guda na sha'ir ba.

Za a kuma ce kada a auna mutanen da da ma'aunin yau. Amsata ita ce ba sai an kawo ma'auni daga waje ba, domin su kansu sun gani. A shekara ta 431 kafin miladiyya Yurifidis, a wani wasan kwaikwayo nasa, ya sa Midiya ta tsaya gaban mutanen Atina ta ce mata suna sayen miji da dukiya mai yawa su kuma samu mai mulkin jikinsu, kuma ta gwammace ta tsaya a fagen daga sau 3 da ta haihu sau ɗaya. Gaskiya ne cewa a ƙarshe ta kashe 'ya'yanta, kuma namiji ne sanye da abin rufe fuska ya furta kalmomin, tunda mata ba sa hawa dandali. Duk da haka an faɗi maganar a bainar jama'a, kuma a wasan nan ne matan amshi suka ce da an ba mata baiwar waƙa da sun rera tasu amsar ga maza.

Wannan korafin na matan amshi yana da tushe. A wurinmu tatsuniya a bakin iyaye mata da kakanni ta rayu, kuma babu shakka matan Girka ma sun yi wa 'ya'yansu labari a bakin masaƙa, sai dai abin da aka rubuta ya iso gare mu kusan duka na maza ne. Safo, mawaƙiyar tsibirin Lesbos da ta rayu wajen shekara ta 600 kafin miladiyya, masanan Iskandariya sun tara waƙoƙinta kundi-kundi, amma guda ɗaya ce ta iso cikakkiya, sauran gutsattsari ne. A ɗaya daga cikinsu ta ɗauko Helen, wadda maza suka ɗora wa alhakin yaƙin shekara 10, ta ce wasu suna ganin rundunar dawakai ce mafi kyau a duniya, wasu dakarun ƙasa, wasu jiragen ruwa, ita kuwa ta ce abin da mutum yake so ne, ta kafa hujja da Helen da ta bar mijinta ta tafi Turoyi. A abin da ya tsira na waƙar babu zagi ko ɗaya. An tono takardar ne daga jujin wani tsohon gari a Masar, aka wallafa ta a 1914, gefunanta duk sun cinye.