Yarjejeniyar tsaro ba sirrin fada ba ce

Jama'ar Maradi, akwai tambayar da muke tsallakewa duk lokacin da ake hirar tsaro: wa ke duba takardun da gwamnati ke sa wa hannu da ƙasashen waje da sunanmu?

A watan Maris na 2024, da Nijar ta soke yarjejeniyar soja da Amurka, cikin dalilan da aka bayar har da cewa an ƙulla ta tun 2012 ba tare da an tuntuɓi wakilan jama'a ba. Na yarda da wannan hujja ɗari bisa ɗari. Sai dai in ta hau kan Amurka, ta hau kan kowa: Rasha, Turkiyya, har da rundunar haɗin gwiwar AES (ƙawancen Nijar, Mali da Burkina Faso) mai soja 5000 da aka sanar a farkon 2025. Ƴaƴanmu ne a cikinta, kuɗinmu ne ake kashewa.

Ku tuna watan Afrilun 2022. Majalisar dokoki ta amince a girke sojojin waje da ƙuri'a 131, ƴan majalisa 31 suka ƙi. Ban ji daɗin sakamakon ba, kuma da yawanku haka. Amma an yi muhawarar a bainar jama'a, masu adawa sun faɗi ta bakinsu, kowa ya san inda wakilinsa ya tsaya. Ina ganin wannan ya fi shirun da ba ka san me aka ƙulla ba.

Wasu za su ce ɗan majalisa ba ya riƙe bindiga. Gaskiya ne. Majalisar wakilan ƙasashen NATO, da ke zama tun 1955, ba ta ba soja ko ɗaya umarni. Aikinta haɗa ƴan majalisun ƙasashen su ji juna, su yi wa manyan hafsoshi tambayoyi, kowa ya koma gida ya san abin da zai ce ranar kasafin tsaro.

Mu nan ne abin ya fi shafa. Ɗan bindigar da ke kora shanu a Madarunfa ko ya ɗauki mutum a Gidan Rumji, kafin asuba ya tsallaka dajin Zamfara ko Katsina. Tun 2019 muke karɓar ƴan gudun hijira daga can, danginmu ne, harshenmu ɗaya. Yau kuwa Yamai da Abuja na zaman doya da manja, kujerunmu 6 a majalisar CEDEAO (ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, wato ECOWAS) sun tafi da ficewarmu a Janairun 2025. To a wane zaure wakilin Madarunfa zai zauna da na Jibiya su faɗa wa juna gaskiya?

Majalisar tuntuɓa da muke da ita yanzu a madadin majalisar dokoki shawara kawai take bayarwa. Duk da haka ina roƙon ƴan jihar Maradi da ke cikinta, don Allah, su nemi a kafa kwamitin iyaka da takwarorinsu na Katsina, Zamfara da Sakkwato, su kuma nemi a karanta musu kowace yarjejeniyar soja kafin a sa mata hannu.